Yadda za ka saita wayarka da fitilun ɗakinka don kada hasken dare ya cinye maka barci

Kusan kowace wayar zamani tana da wani maɓalli da ke mayar da fuskarta ruwan ɗorawa da daddare. Mutane da dama sun kunna shi, sun ɗauka magana ta ƙare, amma har yanzu ƙarfe ɗayan dare na riskarsu ido biyu. Maɓallin yana da amfaninsa, sai dai shi ne mafi ƙarancin tasiri cikin abubuwan da za ka iya gyarawa. Waɗanda suka fi shi nauyi su ne yawan hasken da ke shiga idonka, da tsawon lokacin da ka ɗauka a cikinsa, da abin da kake yi da wayar, da kuma hasken ranar da ka samu ko ka rasa tun da safe. Da wannan nake so ka karanta matakan da ke tafe, domin sauya launi ba zai zo a farko ba.

Abin da haske ke yi wa jiki

Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne babban agogon jiki, shi ke tsara lokacin da za ka ji barci, da lokacin da za ka wartsake, da hawa da saukar zafin jikinka. Agogon ba ya tafiya daidai da na bango. Binciken da Charles Czeisler da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka fitar a 1999 ya nuna cewa idan aka bar shi shi kaɗai, zagayensa a yawancin mutane awa 24 ne da kusan minti 11. Ke nan kullum sai an ɗan gyara masa zama, kuma haske ne ke yin gyaran.

Saƙon hasken yana bi ne ta wasu ƙwayoyi ƙalilan da ke tantanin bayan ido, waɗanda aikinsu ba gani ba ne. Suna ɗauke da wani sinadari mai suna melanofsin, wanda Ignacio Provencio ya fara ganowa a fatar kwaɗo a 1998. A 2002 David Berson na Jami'ar Brown ya nuna cewa ƙwayoyin nan da kansu suke jin haske, su aika wa agogon jiki labari kai tsaye. Sun fi jin haske mai tsawon zango wajen nanomita 480, wato shuɗi irin na sararin sama da rana. Kuma ba walƙiyar daƙiƙa guda ce ta fi damunsu ba, tara hasken suke yi a hankali, minti bayan minti.

Idan duhu ya yi, agogon yakan ba wata 'yar ƙaramar halitta da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa izinin sakin sinadarin melatonin, yawanci awa biyu zuwa uku kafin lokacin da ka saba kwanciya. Melatonin ba ya kayar da mutum kamar maganin barci, sanarwa ce ga sassan jiki cewa dare ya yi. Hasken da ya shiga ido a wannan lokaci yana yin ɓarna biyu: yana danne fitar melatonin na daren, sannan yana tura agogon gaba, ta yadda gobe barcin zai zo a makare fiye da na yau. Hasken safe kuwa akasin haka yake yi, baya yake jawo agogon.

Kada ka ce ai fuskar wayarka ba shuɗiya ba ce. Farin da kake gani haɗin launuka ne, kuma shuɗi na da kaso mai tsoka a ciki. Farin shafin da kake karanta saƙo a kansa shi ne babbar hanyar da shuɗin ke shigowa.

Binciken da aka fi ambato a kan wannan batu shi ne na Anne-Marie Chang da abokan aikinta a wani asibiti da ke Boston ta Amurka, wanda ya fito a 2015. Mutum 12 ne suka yi karatu a iPad na tsawon awa huɗu kafin barci, dare biyar a jere, sannan suka yi wasu darare biyar suna karanta littafin takarda. A dararen iPad, melatonin ɗinsu ya ragu da fiye da rabi, lokacin fitarsa ya jinkirta da kusan awa ɗaya da rabi, kuma da safe sun tashi jiki a mace. Amma a lura da abu biyu. An ƙure hasken na'urar ne har ƙarshe, mutanen kuma suna killace a ɗakin bincike ba sa fita rana. Duk da haka, jinkirin da aka samu wajen ɗaukewar barci kusan minti goma ne kawai. Wannan ya nuna mana inda gizo ke saƙar: illar haske a kan agogo take taruwa, dare bisa dare, amma awa guda ko biyu da ke salwanta a daren yau, yawanci hannun da ya ƙi ajiye waya ne ya cinye su.

Akwai kuma bambanci mai yawa tsakanin mutane. Wani bincike na Jami'ar Monash da ke Ostireliya a 2019 ya gano cewa wani ya fi wani jin hasken dare fiye da ninki 50. Don haka idan abokinka ya ce yana kallon bidiyo har barci ya kwashe shi kuma lafiya lau yake tashi, mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma idonsa ba naka ba ne.

Mataki na farko: tsayar da lokaci kafin ka taɓa saiti

Duk saitin da za mu yi yana buƙatar ka ba shi lokaci, don haka fara da lissafi. Ɗauki lokacin da dole ka tashi, ka ƙirga baya awa bakwai zuwa takwas, domin baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai. Idan ƙarfe 6:00 kake tashi, kwanciyarka ta kama wajen 10:30. Daga nan sai ka fitar da iyaka biyu. Ta farko awa uku kafin kwanciya, wato 7:30, lokacin da za a fara rage haske. Ta biyu awa guda kafin kwanciya, 9:30, lokacin da waya za ta bar hannunka. Idan awa guda ta yi maka nisa, fara da minti 30, ka ƙara daga baya.

Awa ukun nan ba daga kaina na ƙirƙiro su ba. A 2022 wasu masana barci da haske daga ƙasashe daban-daban sun fitar da shawara ta haɗin gwiwa: da rana ido ya samu aƙalla laks 250, cikin awa uku kafin barci kada ya wuce 10, a lokacin barci kuma kada ya wuce 1. Laks ma'aunin haske ne, kuma wanda suka yi amfani da shi an daidaita shi ne da yadda ƙwayoyin melanofsin ke jin haske. Ba sai ka sayi na'urar awo ba. Abin riƙewa shi ne tazarar: rana ta ninka maraice sau 25. Yawancinmu muna yini a ɗaki mai dishi-dishi, mu kwana cikin haske tar, ratar da jiki ke dogaro da ita ta kusa shafewa.

Mataki na biyu: fitilar ɗaki

Mutum zai ɓata lokaci yana gyara launin waya alhali farin ƙwan lantarki na saman kansa ya fi wayar zuba masa haske a ido. A 2011 Joshua Gooley da abokan aikinsa sun gwada mutum 116, suka ga cewa hasken ɗaki na yau da kullum, wanda bai kai laks 200 ba, yana rage tsawon lokacin fitar melatonin da kusan minti 90 idan aka kwatanta da zama a haske mai rauni sosai.

Duba jikin ƙwan ko kwalinsa, za ka ga lamba da harafin K a ƙarshe. Mai 6500K fari ne fat mai ratsin shuɗi, ya dace da wurin aiki da rana. Mai 2700K yana ba da haske mai ɗumi, ja-ja. Na biyun ake so a ɗakin kwana da duk inda kake zama da daddare, kuma mai ƙaramin ƙarfi. Da iyakar farko ta yi, kashe na saman rufi ka kunna ƙaramar fitilar tebur ko ta gefen gado, wadda ke ƙasa da saitin idonka kuma ba ka ganin ƙwanta kai tsaye. Kada ka manta da banɗaki: mutum ya gama rage haske ko'ina, sai ya shiga wanke baki ƙarƙashin fitila mafi ƙarfi a gidan, minti biyar kafin ya kwanta.

Ba ina nufin ka zauna cikin duhu da waya a hannu ba. A duhu ƙwayar ido takan buɗe sosai, hasken wayar ya shiga da yawa, idon kuma ya gaji da sauri. 'Yar fitila mai ɗumi a bayanka ko a gefe ta fi.

Mataki na uku: ƙarfin hasken fuskar waya

Cikin dukkan saitunan na'ura, wannan ne ya fi cancantar lokacinka.

Fara da gwaji. Da daddare, a cikin hasken da ka saba zama, buɗe farin shafi a wayar, ka ɗora farar takarda kusa da ita. Idan fuskar wayar ta fi takardar haske nesa ba kusa ba, har tana haska yatsunka da bargon da ka lulluɓa, to ta yi yawa. Ja ma'aunin haske ƙasa har su biyun su yi kusan daidai. Minti na farko za ka ji kamar ba ka gani, ka ɗan jure, ido zai saba.

Saitin da ke daidaita haske da kansa yana taimakawa, amma sau da yawa yakan bar shi sama da yadda ake bukata a ɗaki mai duhu. A wayoyin Android na zamani yana koyon halinka: idan ka riƙa jan ma'aunin ƙasa da hannu kowane dare, bayan 'yan kwanaki zai fara yin hakan da kansa.

A wayoyi da yawa ko an kai ma'aunin ƙarshe hasken bai yi ƙasa yadda ya kamata ba. Akwai mafita da aka ɓoye a sashen masu buƙata ta musamman, wanda aka rubuta Accessibility a cikin saiti. A Android, tun daga siga ta 12 da ta fito a 2021, akwai Extra dim, wanda ke sauke hasken ƙasa da iyakar da aka saba. Kunna shi, sannan ka jawo maɓallinsa cikin jerin maɓallan da ke saukowa idan ka shafo fuskar waya daga sama. A iPhone, shiga Accessibility, sai Display & Text Size, ka kunna Reduce White Point, ka ja ma'auninsa yadda ya yi maka. Daga nan koma ƙasan shafin Accessibility, ka buɗe Accessibility Shortcut, ka zaɓi Reduce White Point ɗin. Yanzu duk lokacin da ka danna maɓallin gefen waya sau uku a jere, hasken zai faɗi nan take, ka sake dannawa ya dawo. Da rana ka tuna ka kashe shi, in ba haka ba za ka fita waje ka kasa ganin komai, ka zaci wayar ce ta lalace.

Bayan haka sai baƙin shafi, wanda iPhone da Android duka suka kawo a 2019, ana samunsa a sashen Display da sunan Dark mode ko Dark theme. Yana mayar da shafi baƙi, rubutu fari, hasken da ke fita ya ragu sosai, musamman a wayoyi masu fuskar OLED, inda duk ɗigon da yake baƙi a kashe yake ɗungurum. Sa shi ya riƙa kunna kansa da faɗuwar rana. Sai dai ba ya taɓa hotuna da bidiyo, kuma wasu shafukan intanet za su buɗe farare su dalle maka ido. Wasu masu matsalar gani kuma farin rubutu kan baƙi yakan yi musu dishi-dishi. Idan kana cikinsu, bar farin shafin, ka ƙara rage ƙarfin haske.

Abu na ƙarshe a nan shi ne tazara. Hasken da ke isa ido yana raguwa da sauri idan na'ura ta yi nisa, ninka tazarar kan sauke shi zuwa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya kwanta rigingine yakan kawo wayar dab da hancinsa ba tare da ya sani ba. Ƙara girman rubutu a saiti, za ka ga hannunka ya miƙe da kansa. Wannan ne ma dalilin da ya sa talabijin da ke can ƙarshen ɗaki sau da yawa ba ta kai wayar da ke hannunka zuba haske a ido ba.

Mataki na huɗu: launi

Manhajar f.lux ce ta fara yaɗa dabarar mayar da fuskar na'ura ruwan ɗorawa da daddare a kwamfuta tun 2009. Kamfanin Apple ya sa Night Shift a iPhone a 2016, Windows 10 ta samu Night light a 2017, sauran kamfanoni kowa ya raɗa wa nasa suna. A iPhone da iPad yana cikin Display & Brightness. A wayoyin Pixel da makamantansu Night Light ne, a Samsung Eye comfort shield, a Xiaomi Reading mode, a Tecno da Infinix yawanci Eye care, kuma duk a sashen Display suke. A Windows shiga System, sai Display, sai Night light. A Mac yana cikin Displays. Sunaye kan ɗan sauya idan an sabunta waya, don haka idan ka rasa, rubuta sunan a akwatin bincike da ke saman shafin saiti.

Abu biyu za ka yi. Ka sa masa jadawali, ya kunna kansa daga iyakar farko har zuwa lokacin tashinka. Sannan ka ja ma'aunin ɗumin launi har ƙarshe ko kusa da ƙarshe, domin inda kamfani ya ajiye shi a tsakiya ɗan kaɗan yake ragewa.

Kada ka ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Mariana Figueiro da abokan aikinta a wata cibiyar binciken haske da ke jihar New York sun gwada Night Shift a iPad, sakamakon ya fito a 2019: sauya launi kaɗai, ba tare da rage ƙarfin haske ba, bai hana danne melatonin ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Brigham Young sun raba matasa 167 gida uku, masu amfani da iPhone da Night Shift, da masu amfani da ita ba shi, da waɗanda ba su taɓa waya ba awa guda kafin barci. Tsakanin masu Night Shift da marasa shi ba a ga bambanci ba. Ni dai shawarata ka kunna shi, tun da ba ya cin komai kuma ido ya fi samun sauƙi, amma a matsayin ƙari kan mataki na uku.

Haka batun gilashin da ake tallatawa wai yana tare shuɗin haske. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya, ta fitar a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17, bai samu hujja tsayayya cewa yana gyara barci ko rage gajiyar ido ba.

Talabijin ma tana da saiti. Nemi ƙarfin fitilar bayan allo ka rage shi, ka sauya yanayin hoto daga mai ƙyalli zuwa na kallon fim, ka zaɓi launi mai ɗumi. Na'urorin karatu irin su Kindle sun fi waya sauƙi, domin fitilarsu shafin take haskawa daga gefe, kuma ana iya rage ta sosai.

Mataki na biyar: abin da ke riƙe ka

Ko da fuskar waya ta yi duhu ta yi ja, muhawarar da ta ɓata maka rai a zauren WhatsApp ba za ta bar ka ka yi barci ba, haka saƙon aiki da ya shigo ƙarfe goma, haka gajerun bidiyon da ba su da ƙarshe. An ƙera manhajojin nan ne don kada ka sami wurin tsayawa. Kuma ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lokacin da ka gaji, shi ne lokacin da ƙarfin halinka ya fi rauni. Saboda haka yanke hukuncin da rana, ka bar waya ta zartar da shi da daddare.

A Android, shiga Digital Wellbeing, ka buɗe Bedtime mode, ka sa lokacin iyaka ta biyu. A Samsung za ka same shi cikin Modes and Routines da sunan Sleep. A cikinsa ka kunna hana shigowar sanarwa, da mayar da fuskar waya fari da baƙi. Wannan na biyun ya fi yadda ake zato aiki. Idan launi ya ɗauke, jan ɗigon da ke kan manhaja ya koma toka-toka, hotuna suka zama lami, za ka ga sha'awar ci gaba da shafawa ta ragu. A iPhone, shiga Focus ka saita Sleep, sannan a Screen Time ka kunna Downtime, ka zaɓi 'yan manhajojin da za su ci gaba da buɗuwa, kamar kira da agogo. Fari da baƙi a iPhone yana cikin Color Filters, a shafin da ka sami Reduce White Point.

Abin da ke hana mutane da yawa yin wannan shi ne fargabar kiran gaggawa, kuma fargaba ce mai tushe. Duka tsare-tsaren biyu suna ba ka damar zaɓar mutanen da kiransu zai shigo ko da wane lokaci: iyaye, mai gida ko uwar gida, 'ya'ya, wurin aiki idan aikinka na jiran kira ne. Kunna kuma izinin maimaita kira. A iPhone duk wanda ya sake kira cikin minti uku zai same ka, a Android cikin minti 15.

Saura ƙananan gyare-gyare. Kashe ci gaba da kunna bidiyo kai tsaye a YouTube da Netflix, don idan wanda kake kallo ya ƙare a samu shiru da zai ba ka damar tashi. Rufe bakin zaurukan da suka fi surutu. Sa wa manhaja ɗaya ko biyu da ka san su ne matsalarka iyakar mintuna a rana. Idan kana ganin za ka riƙa tsallake iyakar, ba wani na kusa da kai ya sa lambar sirrin.

Idan ba ka iya barci sai da wani abu na ɗebe kewa, koma wa kunne. Kunna abin saurare mai sanyi, ka sa masa lokacin kashe kansa, ka kifa wayar.

Mataki na shida: inda waya ke kwana

Sa ta caji a wurin da sai ka taka kafin ka kai gare ta. Idan ita ce ke tashinka da safe, hakan ma riba ce, dole ka miƙe kafin ka kashe ƙarar. Kada ka yi caji ƙarƙashin matashi ko cikin bargo, batir na ɗaukar zafi.

Duba yadda abin ke faruwa idan tana gefen kai. Ka farka ƙarfe uku, abin da kowa ke yi sau da dama cikin dare ba tare da ya tuna ba. Ka miƙa hannu don ganin lokaci kawai. Fuskar ta haska, ido ya tsuke, ka hango saƙo biyu, ka buɗe ɗaya, ƙwaƙwalwa ta fara shirya amsa, sannan ka fara lissafin awannin da suka rage. Farkawar da za ta wuce cikin minti biyu ta zama ta awa guda. Don haka kashe saitin da ke kunna fuskar waya idan an ɗaga ta ko idan saƙo ya shigo, da wanda ke barin agogo yana nunawa koyaushe. Idan za ka zaga cikin dare, 'yar fitila ja ko ruwan goro da ke kusa da ƙasa ta isa.

Ɗakin kansa ya yi duhu. A 2022 masu bincike a Jami'ar Northwestern sun sa wasu mutane kwana cikin hasken laks 100 na dare ɗaya tak, suka ga bugun zuciyarsu ya ƙaru cikin barci, da safe kuma jikinsu bai karɓi insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, yadda ya kamata ba. Mutum 20 ne kawai a gwajin, amma ya isa ya sa ka daina kwana da talabijin a kunne. Labule mai kauri ko ƙyallen rufe ido na maganin hasken da ke shigowa daga waje.

Mataki na bakwai: hasken safe

Wannan ba saitin waya ba ne, amma yana ƙara wa sauran matakan ƙarfi. Idon da ya ƙoshi da hasken rana ba ya jin hasken dare sosai. A 2016 masu bincike a Jami'ar Uppsala da ke Suwidin sun sa mutane yini cikin haske mai ƙarfi na awa shida da rabi, sannan suka yi karatun awa biyu a kwamfutar hannu kafin barci. Ba a ga bambanci tsakanin hakan da karanta littafin takarda ba, a melatonin ko a barci. Kenneth Wright na Jami'ar Colorado kuma a 2013 ya kai mutum takwas zaman mako guda a tsaunuka, babu lantarki babu waya, agogon jikinsu ya dawo baya da kusan awa biyu.

Ofis mai haske sosai bai cika wuce laks 500 ba. A waje, ko ranar da hadari ya rufe sama, ana samun 1,000 ko fiye, idan rana ta buɗe kuwa dubbai goma-goma ne. Fita waje cikin awa guda bayan tashinka, ka yi minti 20 zuwa 30, ko tafiya ko zama. Ba sai ka kalli ƙwayar rana ba, kada ma ka kalle ta. Idan aikinka na cikin ɗaki ne, matsar da teburinka kusa da taga. Ka kuma riƙe lokacin tashi guda har a ranakun hutu, ko da da bambancin da bai wuce awa guda ba.

Yara, da masu aikin dare

Idon yaro ya fi na babba barin haske ya wuce, ƙwayar ta fi faɗi, madubin cikinta ya fi tsabta. Wani bincike na Jami'ar Colorado a 2018 ya nuna cewa awa guda cikin haske mai ƙarfi kafin barci ta danne melatonin na yara 'yan shekara uku zuwa biyar da kusan kashi 88 cikin 100. Ga shi sun fi buƙatar barci: awa 9 zuwa 12 ga 'yan shekara 6 zuwa 12, awa 8 zuwa 10 ga 'yan 13 zuwa 18. A wurinsu kada ka tsaya kan saiti, na'urar ta kwana a wajen ɗakinsu. Family Link a Android da Screen Time a iPhone suna ba iyaye damar kulle wayar yaro a lokacin da suka zaɓa. Dokar takan zauna ne idan yaro ya ga wayar babba ma a can take kwana.

Mai aikin dare kuwa lissafinsa a juye yake. Yana buƙatar haske mai ƙarfi a farkon aikinsa, ya rage shi idan tashi ya ƙarato, ya sa baƙin gilashi a hanyar gida idan ba tuƙi yake yi ba, ya kwanta a ɗakin da aka toshe haskensa. Jadawalin wayarsa ya bi lokacin barcinsa, ba faɗuwar rana ba.

Ba wa tsarin mako biyu kafin ka yanke masa hukunci, domin agogon jiki a hankali yake matsawa. Kowace safiya rubuta abu uku a takarda: lokacin da ka kashe fitila, kimanin lokacin da barci ya ɗauke ka, da yadda ka ji da ka tashi. Idan ka kwanta barci ya ƙi zuwa har kusan minti 20, tashi ka zauna cikin haske mai rauni, ka yi abin da ba zai tayar maka da hankali ba, ka koma gado idan ka fara gyangyaɗi. Idan kuma rashin barcin ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, ko an ce kana minshari mai ƙarfi numfashinka na ɗaukewa, ko barci na fizgarka da rana kana tuƙi ko aiki, wannan ya wuce batun haske, ka je ka ga likita, ka tafi masa da takardar da ka rubuta.